ECOWAS da AES: Abin da Ke Sa Talaka Ya So Haɗewar Ƙasashe ko Ya Guje Ta

Ranar 28 ga Janairun 2024 gwamnatocin soja na Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO. Jama'a sun fito tituna a Yamai suna murna, hujjar kuma ita ce diyaucin ƙasa: babu ƙungiyar da za ta zauna a Abuja ta riƙa ba su umarni. Ba a cika wata shida ba, ranar 6 ga Yulin 2024, shugabannin uku suka haɗu a Yamai suka sa hannu kan yarjejeniyar haɗakar ƙasashen Sahel, AES, wadda ta ƙudiri haɗa tsaro da harkokin waje wuri guda, daga baya har da fasfo ɗaya. Nan ma an yi murna, kuma ɓangaren da ya yi ta farko shi ne ya yi ta biyu.

Wanda ya ɗauka jama'a sun rabu gida biyu ne, masu son haɗin kan ƙasashe da masu ƙinsa, wannan lamari zai ɗaure masa kai. Abin da ake kira haɗewar ƙasashe maƙwabta abu biyu ne aka ƙulle wuri guda. Akwai buɗe hanya, wato mutum ya wuce da kansa da kayansa da dabbobinsa ba biza ba kuɗin fito. Akwai kuma miƙa iko, wato ƙasa ta yarda cewa wani taro ko wata kotu ko wani banki da ke wajen iyakarta zai yanke hukuncin da dole ta bi. Na farkon kusan kowa yana so, muddin ba kasuwarsa za a cinye ba. Na biyun kuwa sai mutane sun tambaya: wa zai riƙe ikon, me zai yi da shi, in ya zalunce mu ta ina za mu sauke shi? A shekara hamsin na ECOWAS, goyon bayan talaka ya riƙa hawa da sauka ne gwargwadon wanne daga cikin biyun ya fi cin karo da shi.

Hanya

An kafa ƙungiyar a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, da himmar Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo. Abin da ya shigar da ita gidan talaka shi ne yarjejeniyar zirga-zirga da aka sa wa hannu a Dakar a 1979. An tsara ta mataki uku, kowanne na shekara biyar. Na farko, ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ya shiga kowace ƙasa ba biza, ya zauna har kwana 90, in dai yana riƙe da takardar tafiya mai inganci da katin rigakafi. Na biyu, haƙƙin zama da neman aiki. Na uku, haƙƙin kafa kasuwanci daidai da ɗan ƙasa. Daga baya aka ƙaro katin inshorar mota mai ruwan ƙasa a 1982, wanda direba ke ratsa ƙasashe da shi, sai fasfo na bai ɗaya a 2000, sai katin shaida na zamani da Senegal ta fara bayarwa a 2016.

Matakin farko ne kaɗai ya zauna da gindinsa, shi ne kuma tushen duk farin jinin da ƙungiyar ta taɓa yi. A iyakar Najeriya da Nijar, mai tsawon kusan kilomita 1,500, yarjejeniyar halatta abin da ake yi tun kafin zuwan Turawa ta yi. Layin da Ingila da Faransa suka ja tsakanin 1898 da 1906 ya ratsa ƙasashen Katsina da Gobir da Daura. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su ne suka kafa mulki a Maraɗi, har yau kuma Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar garin. Gobirawa suka zauna a Tsibiri. Illela da Birnin Ƙonni, Jibiya da Ɗan Isa, Kongolam da Matamaye, Kamba da Gaya, duk garuruwa ne masu cin kasuwar juna da auren juna. Zumunta a ƙafa take, don haka mutumin Ɓaɓura da ƙanwarsa ke aure a Magarya bai ma ɗauki batun buɗe iyaka a matsayin siyasa ba.

Ciniki ma wannan layin ya bi. Shanu da raƙuma da tumaki da wake suna gangarowa daga Nijar zuwa Maigatari da Mai'aduwa da Illela, masara da kayan masana'antu suna hawa daga Dawanau da Kantin Kwari. Albasar Galmi tana kaiwa har Accra da Abidjan. Mali da Burkina da Nijar ba su da teku, kwantenar da za ta shigo musu galibi sai ta sauka a Kwatano ko Lome ko Tema ko Abidjan ko Dakar. Miliyoyin 'yan Burkina da Mali suna zaune a Cote d'Ivoire, da yawansu a gonakin koko. Fatake da direbobi da 'yan ci-rani da ɗalibai da makiyaya, su ne magoya baya na asali, ko da ba su taɓa karanta layi ɗaya na yarjejeniyar ba.

Duk da haka da wuya ka ji direban tirela yana yabon ƙungiyar, domin abin da ke rubuce daban, abin da ke kan kwalta daban. A ɗauki tsarin sassauta ciniki. Ƙa'idarsa ita ce kayan da aka samar a cikin yankin ba a biyan musu kuɗin fito. Amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu ba sa ma buƙatar takardar shaidar asali, sai ta lafiyar kaya. Kayan masana'anta ne ke da dogon layi: kamfani ya nemi amincewar kwamitin ƙasarsa, ya nuna cewa aƙalla kashi 60 cikin 100 na kayan haɗin na cikin yankin ne, ko kuma darajar da aka ƙara wa kayan a masana'antar ta kai kashi 30 na farashinsu, sannan a aika sunansa hukumar ƙungiyar a Abuja, ita kuma ta sanar da sauran ƙasashe, kafin a soma ba shi takardar. Babban kamfani mai lauya da wakili a kwastan zai iya bin wannan. Ƙaramin mai sarrafa man gyaɗa ko sabulu ba zai iya ba, sai ya bi ta bayan fage.

Mai buhun albasa, wanda doka ta yafe masa komai, shi ya fi shan wahala. Tsakanin gona da kasuwa zai tarar da shingen kwastan, na 'yan sanda, na jandarma, na shige da fice, na jami'an gandun daji, na ƙaramar hukuma, na ƙungiyar direbobi. Kowane shinge da na goronsa, babu rasit. Albasa da tumatir ba sa jira, dabba kuma ramewa take a cikin mota, don haka ɗan kasuwa ba ya tsayawa gardamar doka. Biya yake ya wuce, ya ɗora kuɗin a kan mai saye. Mutumin da ke da haƙƙin wucewa kyauta amma kullum sai ya biya, ba zai ji ƙungiya ta tsinana masa komai ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa ranar da aka ce za a fita, mutane da yawa ba su ga abin da za su rasa ba.

Masu asara

Akwai waɗanda buɗe hanyar ma ba ya yi musu daɗi, kuma hujjarsu ta cancanci a saurare ta.

Shinkafa ce misali mafi bayyana. Tun Janairun 2015 ƙasashen suka soma aiki da harajin shigo da kaya na bai ɗaya mai hawa biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35. Amma an bar wa kowace ƙasa damar ƙara nata na wucin gadi. Najeriya ta ɗora wa shinkafar waje harajin da ya kai kashi 70 don kare manomanta, Benin kuwa kaɗan take karɓa. Wannan tazarar ita ce jarin fasa-ƙwauri. Shinkafar Thailand da Indiya ta sauka Kwatano, wata ta tsallako ta Seme, wata ta haura ta Malanville da Gaya, a iyakar Benin da Nijar, da sunan kayan Nijar, ta zagayo ta Ƙonni ko Maraɗi, ta shigo Najeriya a bayan babura da ƙananan motoci ta hanyoyin daji. Ga manomin Kebbi da ya ci bashi ya yi noman rani, da mai injin casa a Kano, buɗaɗɗiyar iyaka na nufin faɗuwar farashinsu. Shi ya sa da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu a Agustan 2019, har ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, manoman shinkafa suka yaba, mutanen Jibiya da Illela kuwa suka shiga ƙunci. Sai a Disamban 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Wata goma sha shida babbar ƙasar ƙungiyar tana take yarjejeniyarta ba tare da wani hukunci ba, kuma ƙananan ƙasashe sun lura.

Ba wannan ne karon farko ba. A Janairun 1983, bayan faɗuwar farashin mai, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, kimanin mutum miliyan biyu, kusan rabinsu 'yan Ghana, alhali yarjejeniyar zirga-zirga ba ta wuce shekara uku da fara aiki ba. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakoki ana tsakiyar fari, hatsi ya daina hawa Nijar, har mutanen kudancin ƙasar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Duk lokacin da tattalin arziki ya matse, baƙo ake fara nunawa da yatsa, goyon bayan buɗe iyaka kuma ya ja baya.

A Ghana rikicin na matakin na uku ne. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa na kasuwa ga 'yan ƙasa, baƙon da ke son buɗe kamfanin ciniki kuma sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya, ya ɗauki 'yan Ghana 20 aiki. 'Yan kasuwar Najeriya suna cewa ECOWAS ta ba su haƙƙin kafa kasuwanci, ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana tana cewa dokar ƙasarsu ce gaba. A 2019 da 2020 an garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Accra. Mai shagon kayan waya ɗan Ghana da ke ganin maƙwabcinsa baƙo yana karya farashi saboda hanyar sarinsa ta fi tasa, cinikinsa ne ke damunsa, kuma ba wanda ya tanadar masa wata mafita.

Haka batun kiwo. Ƙudurin ECOWAS na 1998 ya ba makiyaya damar tsallaka iyaka da takardar shaida mai ɗauke da adadin dabbobi, allurar da aka yi musu, hanyar da za su bi da mashigar da za su wuce. Tsari ne mai kyau, amma yana buƙatar burtali da mashaya da ofishin da zai ba da takardar. Burtalai an nome su, takardar kuma makiyaya kaɗan ne ke samu. Da rikici ya yi tsanani sai manoma suka riƙa ɗora laifin a kan yarjejeniyar kanta, jihar Binuwai kuma ta kafa dokar hana kiwon sake a 2017.

Akwai kuma masu cin abinci da iyakar kanta: 'yan canji, 'yan bumburutu, masu ɗaukar kaya ta daji, jami'an shinge. Bambancin farashi da na kuɗi tsakanin ƙasa da ƙasa shi ne sana'arsu. Suna son iyakar da ake iya ratsawa, ba sa son a shafe ta. An ga alamar haka bayan cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, lokacin da ribar tsallakar da mai ta ragu, garuruwan kan iyaka suka ji a jikinsu.

Iko

A nan ne adawar ta fi zafi. Abu na farko tsoron babba ne. Najeriya ita kaɗai ta ɗauki fiye da rabin al'ummar yankin, sama da mutum miliyan 200. Nijar ta haura miliyan 25, Gambiya ba ta kai uku ba. Ƙaramar ƙasa ta san cewa in aka narke wuri guda, muryarta ce za ta ɓace. Haɗakar Senegambiya ta nuna yadda abin ke kasancewa. An kafa ta a Fabrairun 1982, bayan sojojin Senegal sun mayar da shugaban Gambiya Dawda Jawara kan mulki a yunƙurin juyin mulkin 1981. Tsarin ya ce shugaban haɗakar kullum ɗan Senegal ne, mataimaki ɗan Gambiya. Senegal ta matsa a haɗe kwastan, 'yan kasuwar Banjul suka ƙi, domin arzikinsu na shigo da kaya da arha ne su tsallakar da su Senegal. Da Jawara ya nemi a riƙa karɓa-karɓar shugabancin, Senegal ta janye sojojinta, haɗakar ta watse a 1989.

Babbar ma tana da nata ƙorafin. Kuɗin tafiyar da ECOWAS na fitowa ne daga harajin kashi 0.5 kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin, Najeriya ce kuma ke biyan kaso mafi tsoka. Ita ce ta ɗauki mafi yawan nauyin dakarun ƙungiyar, wato ECOMOG, a Laberiya daga 1990 da kuma Saliyo, da kuɗinta da jinin sojojinta. Ɗan Najeriya da ba shi da wuta a gidansa yana da dalilin tambayar me aka samu. A cikin ƙasar ma ra'ayi ya bambanta da yanki. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai kimanin kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, 'yan kasuwar Arewa sun ɗauke shi farfaɗo da tsohuwar hanyar fatauci, masu sharhi da yawa a Kudu kuwa suka ce Buhari 'yan uwansa yake yi wa aiki da kuɗin ƙasa. Kusantar maƙwabci tana taɓa lissafin cikin gida na wa zai yi yawa, wa zai yi kaɗan, kuma 'yan siyasa sun san amfani da wannan fargabar.

Kuɗin bai ɗaya, eco, ya haɗa fargabar ɓangarorin biyu. Kafin ƙasa ta shiga sai giɓin kasafinta bai wuce kashi 3 na abin da take samarwa a shekara ba, hauhawar farashi ba ta wuce kashi 5 ba, bashin da babban banki ke ba gwamnati bai wuce kashi 10 na harajin bara ba, ajiyar kuɗin waje kuma ta isa shigo da kayan wata uku. Ƙasashe kaɗan ne ke cika su gaba ɗaya, shi ya sa aka yi ta ɗage ranar farawa har aka kai ta 2027. Ma'anar shiga ita ce gwamnati ta sallama ikon buga kuɗi da karya darajarsa. Ƙasashe takwas masu sefa sun riga sun sallama wannan ga babban bankinsu da ke Dakar, kuɗinsu kuma a ɗaure yake da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya ga yadda naira ke zubewa ba ya sha'awar haɗa aljihu da ita. Ɗan Najeriya ko Ghana kuma ba ya son kuɗin da ke da igiya a hannun Faransa. Da shugaban Cote d'Ivoire Alassane Ouattara da na Faransa Emmanuel Macron suka sanar a Abidjan a Disamban 2019 cewa sefa za ta koma eco, Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen da ba sa amfani da sefa suka fito a Janairun 2020 suka ce ba haka aka shirya ba. Matasan Yamai da Bamako suna zagin sefa a matsayin ragowar mulkin mallaka, amma har ƙasashen uku suka bar ECOWAS ba su bar ta ba.

Sai babbar tambaya: wa ke yanke hukunci? Taron shugabannin ƙasa ne. Majalisar dokokin ƙungiyar an tsara ta da kujeru 115, Najeriya na da 35, amma babu ɗan majalisa ko ɗaya da talaka ya zaɓa kai tsaye don wannan kujera. Majalisun ƙasashe ne ke tura wakilai daga cikinsu, aikinsu kuma galibi ba da shawara ne. Tun 2007 ƙungiyar ke cewa za ta tashi daga ta gwamnatoci ta koma ta jama'a, amma mai jefa ƙuri'a a Zinder ko Zariya ba shi da hanyar hukunta kowa a cikinta. Yarjejeniyar dimokuraɗiyya ta 2001 ta haramta karɓar mulki ba bisa tsarin mulki ba, ta kuma haramta riƙe shi ta haramtacciyar hanya. Rabin farko ake aiwatarwa. A taron Accra na 2015 an kawo shawarar taƙaita shugabanci ga wa'adi biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, aka ajiye ta. A 2020 Alpha Condé na Gini da Ouattara suka yi tazarce karo na uku, an kashe mutane a zanga-zanga, ba a sa wa kowa takunkumi ba. Da sojoji suka kifar da Condé a Satumban 2021 sai ƙungiyar ta dakatar da Gini nan take. Daga nan sunan "ƙungiyar shugabanni" ya manne mata.

Ya kamata a yi adalci: wannan ikon an taɓa yi masa maraba. A 1998 ECOMOG ta mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo. A Janairun 2017 dakarun ƙungiyar suka shiga Gambiya bayan Yahya Jammeh ya faɗi zaɓe ya ƙi sauka, jama'a suka tarbe su da murna. A wuraren nan ƙarfin waje ya zo ne ya tabbatar da abin da mutane suka zaɓa da hannunsu, kuma nauyinsa bai faɗa kan abincinsu ba.

A Nijar akasin haka aka yi. Sojoji sun tsare shugaban ƙasa Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Ranar 30 ga watan taron Abuja ya ba su wa'adin mako ɗaya, ya rufe iyakoki, ya dakatar da ciniki, ya toshe kuɗin gwamnati a babban banki. Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 na lantarkinta. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin haɗa rundunar ko-ta-kwana. Lissafin masu takunkumi shi ne wahala za ta sa jama'a su juya wa sojoji baya. Lissafin ya kuskure a wuri biyu. Wahalar tana da mai ita a bayyane, kuma baƙo ne. Gidajen rediyo da talabijin kuma suna hannun sojojin, su ke fassara wa jama'a dalilinta. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a Malanville, magani ya yi ƙaranci, shinkafa ta yi tsada, daga baya kaya suka koma bi ta Lome da Burkina da rakiyar soja. Mutumin Tillaberi da 'yan bindiga suka shekara da shekaru suna kashe masa dangi bai ga rundunar ƙungiya ba, sai ga shi cikin mako biyu ana haɗa ta saboda kujerar shugaba. Taken "zancen ƙasa ne" ya samu kasuwa har a bakin waɗanda ba su so juyin mulkin ba. An riga an ga irin haka a Bamako a Janairun 2022, lokacin da takunkumi ya cika tituna da magoya bayan shugaban mulkin sojan Mali Assimi Goïta, amma ba a ɗauki darasi ba.

Juyin mulkin ba daidai ba ne, tsare zaɓaɓɓen shugaba ba shari'a kuma zalunci ne. Amma hana marar lafiya magani da kashe wa asibiti wuta don a hukunta janar-janar shi ma kuskure ne babba, kuma shi ya cinye ragowar ƙaunar da ƙungiyar ke da ita a Sahel. Arewacin Najeriya ya gane haka da wuri. Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Sanatocin Arewa suka ƙi batun yaƙi, Majalisar Dattawa ta bi bayansu ranar 5 ga Agusta. Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya gana da jagoran juyin mulkin Janar Abdourahamane Tiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta biyo baya. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Bazoum yana nan a tsare.

Sau nawa ma aka taɓa tambayar jama'a? A wannan yanki misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Arewacin Kamaru ta Ingila, yankin Mubi da Gwoza da Mambila. A ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamban 1959 kowa ya zaci za su zaɓi Najeriya, tunda tare ake mulkinsu, sai mafi rinjaye suka ce a ɗage maganar. Abin da ke cin ransu shi ne mulkin En'e, wato hukumomin gargajiya, na Adamawa da Dikwa da hakiman da ake turo musu. Aka gyara tsarin, aka ba su hukumomin gargajiya nasu, sai a Fabrairun 1961 kusan kashi 60 suka zaɓi Najeriya, aka kafa lardin Sardauna. Kudancin Kamaru ta zaɓi Jamhuriyar Kamaru bisa alkawarin tarayya, shugaban Kamaru Ahmadou Ahidjo ya soke tarayyar a 1972, rikicin da ya ɓarke a yankin tun 2016 kuma yana da saiwa a nan. Masu ƙuri'ar 1959 sun auna haɗewar ne da wanda zai karɓi harajinsu ya yi musu shari'a.

Shiga ECOWAS ba a yi ta da ƙuri'ar jama'a ba, fita ma haka. Murnar titi gaskiya ce, amma ba ita ce ma'auni ba a ƙasashen da ake kama 'yan jarida, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa, kamar yadda aka yi a Nijar da Mali a 2025. Ɗan kasuwar da ke fargabar makomar kayansa, da ɗan ci-ranin da ke Abidjan, ba su da inda za su faɗi nasu ra'ayin. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu sun yi gaggawar kare hanya. A Disamban 2024 AES ta ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashenta ba biza. Ranar 29 ga Janairun 2025, da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, kayansu kuma su ci gaba da cin sassaucin ciniki, har sai an ba da wata sanarwa.

Sai dai haƙƙin da a da yake cikin yarjejeniya yanzu ya rataya ne a kan sanarwa, wadda za a iya janyewa da wata sanarwar. An fara ganin ɓaraka. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina ban da Mali da Burkina, alhali Najeriya ce babbar kasuwar wakenta. A Maris ɗin 2025 AES ta ƙaƙaba nata harajin kashi 0.5 kan kayan da ke shigo mata. Gadar Gaya da Malanville ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar bayan an ɗage takunkumi.

Akwai kuma asarar da ba a cika ambato ba. Tun 2005 mutum ɗaya yana iya kai gwamnatinsa ƙara kotun ECOWAS da ke Abuja kan tauye haƙƙi, ba sai ya gama zagaya kotunan ƙasarsa ba. Gwamnatoci sun sha yin biris da hukuncinta, har da umarnin sakin Bazoum na Disamban 2023. Amma a wannan kotun ce a 2008 Hadijatou Mani, wadda aka sayar da ita tana yarinya a yankin Ƙonni, ta yi nasara a kan gwamnatin Nijar saboda gaza kare ta daga bauta, aka yanke mata diyyar sefa miliyan 10. Da ficewar ƙasashen uku, wannan ƙofar ta rufe ga ɗan Nijar da Mali da Burkina da ke da ƙorafi a kan gwamnatinsa.